Ƙwayoyin cutar abinci da suka daina jin magani: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa kwana yana zarya tsakanin ɗaki da banɗaki bayan ya ci wani abu a waje ya san sharrin gurɓataccen abinci. Yawanci abin yakan wuce da kansa. A da, in ya yi tsanani, magani mai araha na 'yan kwanaki ya isa. Yanzu likitoci suna ƙara cin karo da marasa lafiyar da aka ba su maganin farko bai yi ba, na biyu ma haka, sai an kai ga allura mai tsada da ake yi a gadon asibiti. Ga tambayoyin da iyaye da masu kiwo da masu sayar da abinci suka fi yi a kan wannan matsala.

In an ce cuta ta bijire wa magani, jikina ne ya saba da maganin?

A'a, ba jikinka ba ne ya saba, ƙwayar cutar ce ta canza. Wannan bambanci shi ne gindin maganar duka. Antibayotik, wato su kafso da Septrin da Ampiclox da Cipro, magunguna ne da ke kashe bakteriya. A cikin tarin bakteriya akan samu 'yan kaɗan da halittarsu ta ɗan bambanta, maganin bai cika kama su ba. Idan aka sha magani, masu rauni su mutu, waɗannan 'yan tsiraru su samu fili su hayayyafa. Manomin da ke fesa maganin ciyawa iri ɗaya kowace damina ya san wannan: wata shekara sai ya tarar da ciyawar da feshin ba ya taɓa ta ta cika gonar.

Kuma haihuwarsu ba wasa ba ce. In yanayi ya yi mata daɗi, ƙwayar E. coli, wata bakteriya da ke zama a hanji, tana rabuwa biyu duk minti 20, ka ga ke nan guda ɗaya tana iya zama sama da miliyan 2 cikin awa 7. Ban da gado daga uwa, bakteriya suna miƙa wa juna sirrin jure magani ta wasu ƙananan zobba na ƙwayar halitta da ake kira filasmid, kamar yadda ake tura saƙo daga waya zuwa waya. Bakteriyar da ba ta cutar da kowa a hanjin kaza tana iya koya wa Salmonella wannan dabara.

Saboda haka jaririn da bai taɓa shan kafso ba yana iya kamuwa da cutar da ba ta jin kafso. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945 a jawabinsa na karɓar lambar Nobel, inda ya nuna cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai horar da ƙwayoyin cuta su jure shi.

Waɗanne ƙwayoyin cuta ne ke zuwa ta abinci?

Manyan su biyar ne. Salmonella, wadda ke zaune a hanjin kaji da dabbobi, tana bin nama da ƙwai. 'Yar uwarta mai kawo zazzaɓin taifot ita a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, tana fita ta bayan gida ta koma bakin wani ta ruwa ko abinci. Sai Campylobacter, wadda ɗanyen naman kaza da ɗanyar madara ne gidanta. Sai wasu nau'o'in E. coli. Sai Shigella mai kawo atini, wato zawo da jini da majina. Sai ƙwayar kwalara, amai da gudawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki ɗaukar wannan nauyi.

To ina ruwan kaji da shanu da maganin da nake sha?

Magani ɗaya ne, ko 'yan gida ɗaya. Tetracycline ɗin da ke cikin kafso mai ja da rawaya danginsa ne ake zuba wa kaji a ruwan sha, danginsa ne kuma makiyayi ke ɗura wa saniya da allura. Bakteriyar da ta koyi jure shi a cikin kaza ba za ta manta ba in ta shiga cikin mutum.

Abin ya samo asali ne a Amurka wajen 1950, lokacin da masu bincike suka lura cewa 'yan tsakin da aka sa wa ɗan antibayotik a abinci sun fi saurin girma. Daga nan aka shiga ciyar da dabbobi masu lafiya magani kullum, ba don ciwo ba, don ƙiba. Ƙaramin ma'auni, kowace rana, ga dubban dabbobi a cunkushe: in da mutum zai zauna ya tsara hanyar horar da bakteriya, da wuya ya samu wadda ta fi wannan. Suwidin ta hana wannan al'ada a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006.

Akwai misalai biyu da suka nuna cewa zancen ba hasashe ba ne. A tsakiyar shekarun 1990 Amurka ta yarda a ba kaji enrofloxacin, ɗan uwan Cipro. Ba a jima ba aka fara ganin Campylobacter da ba ta jin Cipro tana ƙaruwa a jikin mutane, har hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta haramta shi ga kaji a 2005. Na biyu shi ne colistin, tsohon magani mai wahalar da ƙoda, wanda likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi. A Sin an daɗe ana zuba shi a abincin aladu da kaji. A ƙarshen 2015 masu bincike suka ba da rahoton wata ƙwayar halitta mai suna mcr-1 da ke sa bakteriya jure shi, kuma tana kan filasmid, wato mai saurin yawo ce. Cikin ƙanƙanin lokaci aka gano ta a nahiyoyi da dama. Sin ta hana sa colistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017.

A nan gida ba sai an je nesa ba. Shiga kowane shagon kayan kiwon kaji, za ka tarar da fakitin garin magani iri-iri, wasu an haɗa antibayotik biyu ko uku da bitamin a leda ɗaya, kuma ba mai tambayar ka takardar likitan dabbobi.

Ni ban cika cin nama ba. Na tsira ke nan?

Ba ka tsira ba. Kashin kaji taki ne mai daraja, masu lambu suna saye buhu-buhu. In ba a bar shi ya ruɓe sosai ba aka zuba a lambun latas ko kabeji, abin da ke cikin hanjin kazar ya isa ganyen. Ga kuma ruwan ban-ruwa. A Kano an daɗe ana noman rani da ruwan rafin Jakara, wanda ke kwaso dattin gidaje da na mahauta, kuma irin wannan lambu na bakin kwata yana kewaye da yawancin manyan garuruwanmu. Ganyen da za a dafa a miya ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ake ci ɗanye ne, salak da karas da kokwamba da tumatir da albasa da ake yankawa a kan shinkafa da wake ko gurasa.

Ko ƙasashe masu tsafta sun ɗanɗana. A 2011 wata E. coli ta ɓarke a Jamus, ta kwantar da mutum kusan 4,000, ta kashe sama da 50. Da aka bi diddigi, tsiron hulba ne da ake ci ɗanye, kuma ƙwayar ba ta jin magunguna da dama.

Idan an dafa abinci sosai, masu taurin kan ma suna mutuwa?

Suna mutuwa. Jure magani daban, jure wuta daban. Abincin da zafi ya ratsa har tsakiyarsa ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas ya kashe Salmonella, mai jin magani da marar ji. Naman kaza kada a ga ja kusa da ƙashi.

Inda ake faɗuwa shi ne bayan an sauke tukunya. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ita ce ta yanka albasar da za a barbaɗa a kan tsire. Katakon da aka fede kaza a kai shi aka ɗora dafaffe. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ya dama fura. Balangu ya gasu tun la'asar, ya daɗe a buɗe ƙuda na sauka, da dare aka ɗan nuna masa wuta sama-sama. Abincin da aka dafa kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba, kuma da irin zafin watan Afrilu da yadda wutar lantarki take, wannan ƙa'ida ta fi shafar mu fiye da waɗanda suka rubuta ta. Wanda ya kwana a ɗumama shi har ya yi tururi.

Kunun aya da zoɓo da ƙanƙarar da ake jefawa a ciki, lafiyarsu lafiyar ruwan da aka yi su da shi ce. Madara a tafasa ta kafin a yi kindirmo. Tsamin nono yana rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ba ya gamawa da su, balle in an tsinka shi da ruwan da ba a san asalinsa ba. Ɗanyen ƙwai da ake fasawa a madara wai don ƙarin jini, musamman ga mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo, wannan ina roƙo a bari. Ana ba shi ne ga wanda jikinsa ya fi kowa rauni.

Wani abu kuma da wuta ba ta cika gamawa da shi ba shi ne ragowar maganin kansa a nama da ƙwai da madara. Kowane maganin dabbobi yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikinsa, waɗanda dole su cika kafin a yanka dabbar ko a sayar da ƙwanta ko nononta. Saniyar da aka yi wa allura jiya, ta ƙi tashi, aka yanka ta yau don kada a yi asara, da maganin a jikinta ta tafi kasuwa.

Yarona yana gudawa. Ba Flagyl da kafso zan saya ba?

Mafi yawan lokuta a'a. Yawancin gudawar yara bairos ne ke kawo ta, wato wata irin ƙwayar cuta daban da bakteriya, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Ko wadda bakteriya ta kawo, galibi jiki yana gamawa da ita cikin 'yan kwanaki. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Don haka maganin farko ruwan gishiri da sukari ne, na fakiti in akwai. In babu, a samu lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci.

Na san abin da ke zuciyar uwa. Ruwan gishiri bai yi kama da magani ba, kuma komawa gida daga kemis ba kwalba a hannu kamar ba a yi wa yaron komai ba ne. Amma kowane kafson da aka ba shi ba bisa buƙata ba yana kashe bakteriya masu amfani da ke hanjinsa, ya bar masu taurin kai. Akwai ma nau'in E. coli da ba da antibayotik a kansa yana iya ƙara haɗarin lalacewar ƙoda.

A garzaya asibiti in an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko idanu sun faɗa, ko maɗiga ta loɓa, ko fitsari ya ɗauke, ko zawo kamar ruwan shinkafa. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 da yaro mai tamowa kada a jira da su. Ko kwalara, wadda a 2021 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, mafi yawa a jihohin Arewa, ruwa ne babban maganinta. Antibayotik ƙari ne ga masu tsanani.

Kullum na je gwaji sai a ce maleriya da taifot. Me ya sa taifot ɗina ba ya warkewa?

Mai yiwuwa ba taifot ba ne tun farko. Gwajin da aka fi yi, wato Widal, ya haura shekara 100 da ƙirƙirowa, kuma ba ƙwayar cutar yake nema ba, alamar garkuwar jiki yake aunawa. A wurin da taifot ya zama ruwan dare, mutane da yawa masu lafiya ƙalau za su nuna wannan alama, maleriya ma tana iya ɗaga ta. Gwajin da ke tabbatarwa shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar a ɗakin bincike, a gwada magunguna a kanta a ga wanda take ji. Yana ɗaukar kwanaki, yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yi ba. Sakamakon haka dubban mutane suna shan Cipro ko allurar ceftriaxone sau uku sau huɗu a shekara a kan ciwon da ba su da shi. A ganina wannan ita ce ɓarna mafi girma da muke yi wa waɗannan magunguna, kuma ba laifin marar lafiya ba ne.

Taifot na gaskiya kuwa ba abin wasa ba ne. Zazzaɓi ne mai hawa a hankali, ya daɗe, kuma in ba a magance shi ba yana iya huda hanji wajen mako na uku, abin da likitocin tiyata a Arewacin Najeriya da Nijar suka sani sarai, musamman a yara. Tarihin maganinsa tarihin ja da baya ne. An fara da chloramphenicol a 1948. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 an samu nau'in da ba ya jin chloramphenicol da ampicillin da Septrin gaba ɗaya. Aka koma Cipro, shi ma ƙarfinsa ya ragu, musamman a Kudancin Asiya. A ƙarshen 2016, a birnin Haidarabad na lardin Sindh a Pakistan, aka ga nau'in da ya ƙara da jure ceftriaxone. Na sha ta baki da ya rage mai aiki a kansa azithromycin ne kawai. Pakistan ta shigar da sabuwar allurar rigakafin taifot cikin rigakafin yara a 2019, ita ce ta farko a duniya, Laberiya da Zimbabuwe suka bi a 2021.

Wa ya fi shiga haɗari?

Ƙananan yara, tsofaffi, masu juna biyu, da duk wanda garkuwarsa ta yi rauni. A Turai Salmonella ta abinci yawanci gudawa ce ta 'yan kwanaki. A Afirka kudu da Sahara akwai nau'in da ke tsallake hanji ya shiga jini, musamman a yaran da maleriya ko tamowa ta raunana da masu cutar ƙanjamau, kuma da yawansa ba ya jin tsofaffin magunguna masu araha. Masu sikila suna da nasu haɗarin na daban, domin Salmonella tana son shiga ƙashinsu, ciwon da maganinsa ke ɗaukar makonni. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya. Yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma.

Na ji sauƙi bayan kwana biyu. In ajiye sauran don gaba?

A sha yadda likita ya rubuta, adadi da lokaci da kwanaki. Kada a ajiye, kada a ba maƙwabci. Sayen kafso biyu na naira kaza saboda abin da aljihu ya iya ke nan, shi ne ainihin ƙaramin ma'aunin da Fleming ya ji tsoro. Haka maganin da ya yini a rana a kan tiren mai talla, ko jabu mai ƙarancin sinadari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ina kiwon kaji. In na daina ba su magani ai mutuwa za su yi, jarina ya tafi.

Tsoronka yana kan hanya, kuma ba wanda ya ce a bar kaza marar lafiya ba magani. Abin da ake cewa a daina shi ne ba masu lafiya magani wai don rigakafi ko ƙiba. Cututtukan da suka fi share garke, Niyukasil da Gumboro da murar tsuntsaye, duk bairos ne, antibayotik ba ya yi musu komai, kuɗinka kawai kake zubarwa. Na biyun farko allurar rigakafi a kan lokaci ce kariyarsu, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin irin waɗannan allurai. Sauran aikin na tsafta ne: rage cunkoso, busasshiyar shimfiɗa, ruwa mai kyau, takalmin da ba ya fita daga ɗakin kaji, hana baƙi da dillalai shiga, da barin ɗaki ya huta bayan an wanke kafin a zuba sababbin 'yan tsaki.

An gwada an gani. Holan ta rage antibayotik ɗin da ake ba dabbobi da fiye da rabi cikin 'yan shekaru bayan 2009, kuma har yau tana cikin manyan masu fitar da nama da ƙwai. A lardin Kwibek na Kanada, da masu ƙyanƙyasa suka daina yi wa ƙwai allurar wani antibayotik mai suna ceftiofur a 2005, Salmonella mai jure wannan dangin magani ta ragu sosai a naman kaza da jikin mutane. Da aka dawo da allurar, ta fara dawowa.

Ka kuma tuna cewa kai da iyalinka da yaran da ke kwashe kashin kajin ne farkon waɗanda ƙwayoyin ke isa gare su.

Me hukumomi ke yi?

Najeriya ta fitar da shirin ƙasa na yaƙi da wannan matsala a 2017 ƙarƙashin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tare da ma'aikatun noma da muhalli, ta sabunta shi a 2024. A watan Satumban 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince su rage mace-macen da ke da alaƙa da ita da kashi 10 cikin 100 nan da 2030. Bisa doka, galibin waɗannan magunguna sai da takardar likita. Sai dai a ƙauyen da asibiti ke da nisan tafiyar awa biyu, mai kemis shi ne likita, kuma hana shi sayarwa ba tare da kawo wani abin dogaro ba zai bar yaro mai ciwon huhu ba magani. Abin da zai rage shan antibayotik fiye da kowace sanarwa shi ne ruwan famfo mai tsafta, masai, mahauta mai ruwa, da ɗakin gwaji a kowane babban asibiti.

Yaya zan gane maganin da aka ba ni ba ya aiki?

In an kwana 2 zuwa 3 ana shan magani yadda aka ce, zazzaɓi bai fara sauka ba ko jiki yana ƙara tsanani, a koma wurin wanda ya rubuta shi. Kada a ƙara wani a kai daga kemis. Taifot yakan ɗauki kwana 3 zuwa 5 kafin zazzaɓinsa ya sauka ko da maganin daidai ne, amma ciwon ciki mai tsanani, kumburin ciki, ko baƙin bayan gida ba sa jiran gobe. A tafi da kwalaye da ledojin duk abin da aka sha, har na gargajiya, a faɗa wa likita gaskiyar kwanakin da aka yi ana sha, domin maganin da aka riga aka sha yana iya hana ƙwayar fitowa a gwaji. In asibitin yana da ɗakin bincike, a nemi a raini jini ko bayan gida kafin a canza magani.